Takalmin Hagu na Kaka

Shafi na 9

Sannunku da haƙuri. Na ga sababbin masu karatu sun shigo suna tambayar wane ne wane, to bari in fara zaunar da ku.

Gida ne na mutum uku, a bene hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Maigidan direban bas ne, Direba kowa yake ce masa. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ita kuma Nas. 'Yarsu ɗaya tal, shekararta takwas. An haife ta 'yar mitsitsiya, kakanta na wajen uba ya leƙa zani ya ce, "Wannan ai ɗigo ce." Sunan kuwa ya bi ta har makaranta.

Direba da Nas duk Kiristoci ne, amma ba gari ɗaya suka fito ba, ba yare ɗaya ba, ba kuma irin coci ɗaya ya rene su ba. Nas jikar mai wa'azi ce. A gidansu durƙusawa ake yi, a ɗaga murya, yaro ba ya karya kumallo sai ya kawo aya da ka. Direba kuwa ɗan mai gyaran takalmi ne, uban da bai taka coci ba sai da furfura ta fara fito masa. A cocinsu shiru ake yi har ka ji tafiyar agogon bango.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, kuma suna son juna. Lokaci suka rasa. In shi ya shigo, ita tana shirin fita. Shi ya sa tun Ɗigo tana da shekara huɗu, in an tashi daga makaranta, a shagon kakanta Baba Tsoho take zama har a zo ɗaukarta. Akwai kuma wata magana guda da mijin da matar ba su taɓa zama sun yi ba.

A shafin baya mun tsaya inda Kaka, mahaifiyar Nas, wadda ta zo baƙunta daga garinsu mai nisa, ta ce Ɗigo ta yi Addu'ar Ubangiji kafin a ci abinci. Yarinya ta yi layi ɗaya ta maƙale. Kaka ta ajiye cokali ta ce ran Talata za ta koma gida, kuma da jikarta za ta tafi, ta riƙe ta shekara guda ta koya mata hanyar Allah.

Yanzu safiyar Lahadi ce.

*

"Wa ya ga takalmina?"

Kaka ce a tsakiyar falo. Ta gama shirin coci tsaf, farin ɗankwali, tabarau, Littafi Mai Tsarki a hammata. Ƙafar dama tana cikin baƙin takalmi. Ta hagu kuwa safa ce kawai.

Direba ya fito yana gyara wuyan riga.

"Mama, ko kin bar shi a ɗaki?"

"Ɗana, tare suka shigo gidan nan, tare na ajiye su a bakin ƙofa. Shekara uku ina sa su, ban taɓa jin sun yi faɗa ba."

Ya durƙusa ya haska ƙarƙashin kujera da fitilar waya. Ya samo murfin biro, da cokalin shayi, da wata safarsa da ya daɗe da yafewa. Takalmi babu.

Nas ta leƙo daga kicin.

"Ɗigo! Ke ce mai jera takalma kullum da safe. Ba ki ga na Kaka ba?"



Ɗigo tana zaune a gefen kujera, ta haɗe gwiwoyi, ta rungume jakar makaranta a ƙirji. Jakar makaranta, ran Lahadi.

Nas ta dubi jakar, ta dubi 'yarta. Ta goge hannu a zani ta miƙa shi.

"Kawo."

"Mama..."

"Kawo, na ce."

Ta zuge zif. Tsakanin littafin rubutu da gorar ruwa, ga takalmin hagu na Kaka, an naɗe shi a tsohuwar jarida kamar burodi.

Direba ya juya baya da sauri, wai yana gyara labule. Kafaɗarsa ce ta tona masa asiri.

"Dariya kake yi?" in ji Nas.

"Ni? Atishawa ce ta ƙi fita."

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta zauna a hankali, ta cire tabarau.

"Zo nan, 'yar nan. Kin ɓoye shi don kada in tafi da ke, ko? Na san dabarar yara. Uwarki ma ta taɓa ɓoye mini bulala a cikin tukunya."

"Ba don haka ba ne, Kaka."

"To don me? Kada ki yi mini ƙarya ran Lahadi."

Ɗigo ta sunkuyar da kai.

"Addu'a nake yi miki."

Ruwan da Nas ta ɗora a wuta ya fara tafasa, ba wanda ya motsa.

"Addu'a," in ji Kaka. "Da takalmi?"

Ɗigo ta ɗago. Da gaske take tambaya, ba rashin kunya ba.

"To da me ake yi?"

Kaka ta dafe ƙirji, ta faɗi wata kalma da yarensu. Nas kaɗai ta ji ma'anarta, kuma ba ta fassara ba. Ta juya wajen mijinta.

"Baban Ɗigo, wannan irin ta cocinku ce?"

"Cocinmu? Mu da ko tari sai mun nemi izini? Ni na ɗauka taku ce."

"Tsaya tukuna. Ba kai kake koya mata addu'a da yamma ba, in na tafi aiki?"

"Ni? Ba ke kike koya mata da safe ba, in na fita?"

Suka tsaya suna kallon juna.

"Ke ce jikar mai wa'azi," in ji Direba, muryarsa ta yi ƙasa. "Ina ni ina koya wa 'yarki addu'a? Ni da ban cika aya goma a kai ba. Cewa na yi kada in ɓata abin da kike ginawa."

"Ni kuma cewa na yi kada in shigo gidanka da hayaniyarmu in danne taku hanyar. Ka manta abin da gwaggonka ta ce ranar aurenmu? Wai zan mai da maka gida kasuwa."

"Gwaggo ai kowa ma haka take ce masa."

"Ni dai ta zauna mini a rai."

"Kuma ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Kai ka faɗa mini?"

Kaka tana binsu da ido, daga wannan zuwa wancan.

"To coci fa? Ba makarantar Lahadi?"

Nas ta sosa kunne.

"Mama, wannan Lahadi namu, mai zuwa nasu, ta uku aiki ya hana. Malamar nan tana ɗauka 'yar can ce, ta can tana ɗauka 'yar nan ce."

"Madalla," in ji Kaka. "Shekara takwas kuna tsaye a bakin ƙofa. Kai ka ce shiga, ke ki ce a'a kai fara. Yarinya kuwa tana waje ruwa yana dukanta. Kunyarku ta yi yawa, 'ya'yana, har ta zama laifi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ran Talata da ita zan tafi, ba na son jin komai."

Ɗigo ta matsa jikin ubanta ta kama gefen rigarsa. Shi ma bai san inda zai sa idonsa ba.

Kaka ta mai da tabarau.

"Saura tambaya ɗaya. In ba uwarki, ba ubanki, wa ya koya miki wannan abu?"

"Ba wanda ya koya mini. Haka Baba Tsoho yake yi. Ni ma kullum da safe ina yi wa na Baba da na Mama kafin su sa."

Nas ta riƙe haɓa. Shekara biyu tana yi wa abokan aikinta alfahari, wai 'yarta ta fi kowa tsafta, ba ta iya ganin takalmi a karkace.

"Ba ni silifas," in ji Kaka.

Nas ta ce, "Mama, ga takalminki an samu, ki sa mana. Coci fa?"

"Wannan shaida ce, ba a sa shaida a ƙafa. Shekara arba'in ban makara coci ba, yau zan makara. Ku kai ni wajen surukina."

*

Matakalar benen ashirin da biyu ce. Kaka ta sauka ɗaya bayan ɗaya, hannunta a kan ƙarfen gefe, tana faɗan yadda ba a share lungu. A tsakiya ta tsaya, wai tana duba fentin da ya ɓare. Direba da Nas suna gaba suna ƙus-ƙus. Ɗigo ce kaɗai ta tsaya tare da ita.

Shagon Baba Tsoho yana layi na uku, tsakanin mai aski da mai sai da fenti. Ba ya aiki ran Lahadi. Yakan je sujadar farko da sassafe, ya dawo ya ɗaga ƙofar shagon rabi, ya zauna da kofin shayi. Ɗakin kwanansa yana baya. A ciki ƙamshin fata ne da gam. Takalma a jere a kan katako har sama, kowane da 'yar takarda a cusa a ciki. Basilla da guduma da ƙullin zare suna kwance a kan benci, an rufe su da tsumma don su ma su huta.

Da ya hango su ya miƙe, ya kaɗe kujerar baƙi da hularsa.

"A'a, manyan baƙi! Sannu da zuwa, Mama. Ina gajiya? Yaya baƙunta?"

"Lafiya ƙalau, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Mutuniyata, yaya na ga idonki ja? Ƙarata kika kawo?"

Ɗigo ba ta amsa wasan ba. Nan ya gane da magana.

Kaka ta zauna. Ta warware jaridar, ta ɗora takalmin a kan benci.

"Baba, ka gafarce ni, tambaya na zo yi. Me kake koya wa jikata?"

"Koyarwa? Ni? Ai ko zare ban yarda ta ja ba, kada basilla ta soke ta uwarta ta kai ni kotu."

"Ta ce addu'a take yi da takalmi. Ta ce a wajenka ta gani."

Kofin ya tsaya a hannun tsohon. Ya dubi Ɗigo.

"Ashe kina jina?"

"Kullum."

"Ni da nake cewa zane kike yi a littafi."

"Ina zanen, ina ji."

Ya ajiye kofin, ya shafa kansa. Direba bai taɓa ganin ubansa ya ji kunya haka ba.

"Mama, ke 'yar gidan sani ce, ni ba haka ba. Na girma ban san ƙofar coci ba. Marigayiya matata ce ta ja ni, da haƙuri, shekara da shekaru. Ita take karantawa, ita take addu'a, ni nawa Amin. In an ce in yi a gaban jama'a, gumi nake yi, kalmomin su gudu. Wata rana na ce mata, ni fa ban san abin da zan ce wa Allah ba. Ta ce, ka yi masa maganar abin da ke hannunka. To ni kuwa, Mama, abin da ke hannuna kullum takalmi ne."

Ya nuna katakon da ke bayansa.

"Kafin in sa basilla, nakan juya shi in duba ƙasansa. Takalmi ba ya ɓoye sirrin mai shi. Wancan na mai dako ne, kaya sun danne masa dunduniya. Wannan na wata yarinya ce da ke yawon neman aiki, wata uku ta cinye shi. Sai in ce, Ubangiji, ga mai wannan, ka san inda za shi. Shi ke nan. Ban san akwai kunne a ƙarƙashin benci ba."

Kaka ta gyara zaman Littafin a cinyarta.

"Niyyarka mai kyau ce, Baba, ban ce ba. Amma addu'a tana da tsari. Akwai abin da iyaye suka bar mana. Ana durƙusawa, ana yabo, ana tuba, ana roƙo. Yarinya ba za ta girma tana ɗauka Allah a shagon takalmi yake ba."

"Gaskiyarki," in ji shi. "Ni ma ban so ta tsaya a inda na tsaya ba."

Yana maganar, hannunsa ya kai kan takalmin da ke benci. Sabo ne kawai. Ya ɗauka, ya juya shi.

Sai ya ƙura masa ido.

Ya kai shi kusa da haske. Ya shafa ƙasansa da babban yatsa, ya cusa yatsu biyu a ciki. Ya dubi Ɗigo ta saman ido.

"Abin da kika gani ke nan?"

Ta gyaɗa kai.

"Shi ya sa kika sa a jaka?"

"Ya fi ƙarfina. Gobe zan kawo maka."

"Me kuke ƙus-ƙus a kan takalmina?" in ji Kaka.

"Mama, ba ni zan faɗa ba. Ita ta gani. Mutuniyata, faɗi."

Ɗigo ta karɓi takalmin da hannu biyu. Ta matso kusa da uwarta.

"Mama, duba. Na dama lafiyarsa ƙalau, na duba shi. Wannan kuwa gefe ɗaya ne ya cinye. Nan gaba ya goge, don ba a ɗaga ƙafar, janta ake yi. Kuma an cusa auduga a dunduniya." Ta nuna wurin da yatsa. "Ƙafar Kaka tana ciwo. Ta daɗe."

Nas ta karɓi takalmin. Ta dube shi, sannan ta dubi ƙafar mahaifiyarta a cikin silifas. Fuskar 'ya ta tafi, ta ma'aikaciyar jinya ta zo.

"Mama, ɗaga zaninki."

"Ke! A gaban surukai?"

Baba Tsoho ya miƙe.

"Direba, zo ka ga yadda mai fentin nan ya ɓata mini bango."

Suka fita, suka tsaya suna kallon bangon da ba abin da ya same shi.

Nas ta durƙusa ta ɗaga zanin da kanta. Gwiwar hagu ta kumbura, ta kusa biyun ta dama. Ta danna a hankali, Kaka ta ja numfashi ta haƙori.

"Tun yaushe?"

"Ba wani abu ba ne, sanyi ne."

"Mama. Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai! Kina da 'ya a asibiti! Kwana goma kina gidana ban gani ba, sai 'yar shekara takwas?"

"Ke da ba kya zama? Kuma ni na iya tafiya a gaban mutane."

Nas ta zauna a ƙasa, a nan cikin guntayen fata, da kayan cocinta.

"Shi ya sa kike kulle ƙofa in za ki yi addu'a."

Kaka ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi da bakin ɗankwali.

"Ban durƙusa ba tun wata bakwai ɗin nan. Ni da nake koro yara daga kan kujera in ce su sauka ƙasa. A bakin gado nake zama kamar mai jiran mota. In na gama sai in ji kamar ban yi ba." Ta share ido da bayan hannu. "Cewa na yi, kafin ƙafar nan ta kwantar da ni, bari in ba yarinyar nan abin da aka ba ni. Ubana ya ba ni, na ba ki. In ya tsaya a kanki, me zan je in ce?"

Daga waje aka ji Baba Tsoho yana cewa, da ƙarfi fiye da kima, "Kuma ka ga nan ma ya ɗiga."

Kaka ta yi 'yar dariya cikin hawaye. Ta sauke zaninta.

"Ku shigo, bangon ya huta."

Suka shigo. Kaka ta kira Ɗigo da hannu.

"Zo. Kin ce addu'a kike yi mini. Me kika ce masa?"

"In faɗa a gaban kowa?"

"Yi yadda kika yi. Ina son in ji."

Ɗigo ta karɓi takalmin daga hannun uwarta. Ba ta durƙusa ba, ba ta rufe ido ba. Ta juya shi, tana kallon inda ya cinye.

"Ubangiji Yesu, ga mai wannan. Kakata ce. Ƙafarta ta hagu tana ciwo, ba ta faɗa wa kowa ba. Tana da faɗa, amma tana yi mini kitso ba zafi. Ka san inda za ta ran Talata, ni ban taɓa zuwa ba. Ka bi ta. In da ni za a je, ba na so, amma ka bi mu."

Ta tsaya.

"Shi ke nan."

"Amin" ɗin Kaka ya fito da ƙarfin da ta saba, har mai aski ya leƙo ta taga. Na Baba Tsoho kuwa leɓe ne kawai ya motsa. Direba ya sake samun atishawar da ta ƙi fita.

Kaka ta daɗe tana kallon jikarta. Sannan ta mai da tabarau, ta gyara murya, ta koma Kakar da aka sani.

"To. Na ji. Amma har yanzu ba ta iya Addu'ar Ubangiji ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji Baba Tsoho. "Kada ki ga laifinta da yawa. Ni ma a tsakiya nake maƙalewa, sai in bi bakin na kusa da ni."

"Baba! Shekara nawa kana zuwa coci?"

"Ashirin da shida."

"Ashirin da shida kana bin bakin mutane?"

"Ina zaɓen mai buɗe baki sosai in zauna kusa da shi."

Kaka ta girgiza kai.

"Ashe ɗalibaina biyu ne."

Direba ya ɗaga yatsa a hankali, kamar yaro a aji.

"Uku, Mama."

"Kai ma?"

"Farkon da ƙarshen dai suna nan."

Kaka ta dubi 'yarta.

"Ke kuma kin iya, kin zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai, ba ki ƙyanƙyashe ko ɗaya ba. Ku huɗu ne."

"Na karɓi laifina," in ji Nas. "Amma ki sani, Mama, ba inda za ki ran Talata da wannan gwiwar. Gobe da safe asibiti."

"Ba ke za ki faɗa mini ba, na riga na yanke. Ba zan iya ɗaukar mutum huɗu a mota ba, ɗaya ma da gemu. Kuma in na ɗauke yarinyar nan daga shagon nan, na raba ta da abin da ni ban iya koya mata ba." Ta juya wajen tsohon. "Baba, kai ka ci gaba da naka. Ni zan ɗora nawa a kai. Kowace yamma in an rufe shago, kowa ya zo falo. Da yarenku za mu fara, sannan da namu, don yarinyar nan jinin gida biyu ce."

Ɗigo ta dubi uwarta, ta dubi ubanta.

"Ba za a tafi da ni ba?"

"Ba za a tafi da ke ba. Ni ce zan zauna."

Direba, wanda kwana goma ke nan yana kwana a kujerar falo, ya yi murmushin da ya fi ƙarfin fuskarsa.

"Madalla, Mama, mun ji daɗi. Har... har zuwa yaushe ke nan?"

"Har sai kun haddace."

Ya juya ya dubi ubansa. Shekara ashirin da shida.

"Baba," ya ce a hankali, "don Allah ka dage."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Kaka ta miƙa hannu wajen Ɗigo.

"Ba ni takalmina, ko ma samu sujada ta biyu."

Ɗigo ta ƙanƙame shi.

"In na ba ki, da me zan riƙa yi miki?"

Baba Tsoho ya sunkuyo daidai tsayinta.

"Mutuniyata, ni ina riƙe takalmi ne don masu shi ba sa nan. Sun ajiye sun tafi. Ke kuwa ga taki a zaune."

Kaka ta karɓi takalmin, Nas ta sa mata shi a hankali. Sannan Kaka ta kamo ɗan hannun jikarta ta ɗora a kan gwiwar, ta bisa zani, ta danne shi da nata.

"Ga ƙafar da kanta," ta ce. "Amma a hankali, da zafi."

Manya sun yi maganganu da yawa a safiyar nan, wasu sun wuce kan Ɗigo. Abin da ta gane biyu ne. Ran Talata tana nan a gidansu. Kuma ana iya yi wa mutum addu'a ko da takalminsa yana ƙafarsa.